Makantar rabin fagen gani

Makantar rabin fagen gani, wadda likitoci ke kira hemiyanofiya, yanayi ne da mutum ke daina ganin abin da ke gefen dama ko gefen hagu na wurin da yake kallo, a idanunsa duka biyu, sakamakon lahani da ya sami ƙwaƙwalwa. Sunan ya fito ne daga Girkanci, ma'anarsa rashin ganin rabi. Idanun kansu galibi lafiyarsu ƙalau, suna ɗaukar hoto kamar kullum. Matsalar tana can baya, a hanyar da hoton ke bi cikin ƙwaƙwalwa ko a wurin da ake fassara shi. Shi ya sa tabarau ba ya gyara ta, aikin ido ma haka. Abin da ya fi jawo ta ga manya shi ne bugun jini, sai rauni a kai, sai ƙari a ƙwaƙwalwa. Da yawa daga cikin masu ita ba su san sun rasa wani abu ba, sai dai su ga suna ta cin karo da mutane da ƙyaure ta gefe ɗaya.

Fagen gani da hanyar da hoto ke bi

Fagen gani shi ne duk faɗin abin da mutum ke iya hanga a lokaci guda, idan ya kafe idonsa a wuri ɗaya bai motsa shi ba. Kowane ido yana ganin kimanin digiri 60 ta wajen hanci, digiri 90 zuwa 100 ta wajen kunne, digiri 60 sama, da kimanin 70 ƙasa. Idan aka haɗa idanun biyu, faɗin daga hagu zuwa dama ya kai digiri 180 ko ya ɗan zarta. Ɗan ƙaramin wuri ne kawai a tsakiya ake gani tar, wanda ake karatu da gane fuska da shi. Sauran na gefe ne, kuma shi ke sanar da mutum cewa babur na tahowa kafin ya juya.

Hasken da ya shiga ido yana sauka a kan ratina, wato tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido, kuma yana sauka ne a juye: abin da ke hagu ya faɗa ɓarin dama na tantanin, abin da ke sama ya faɗa ƙasa. Daga nan jijiyar gani, mai ɗauke da zaruruwa fiye da miliyan ɗaya, take kai saƙon ciki. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa jijiyoyin biyu suna haɗuwa a wata mararraba. A nan zaruruwan da suka taso daga rabin tantanin da ke kusa da hanci suke tsallakawa zuwa ɗaya ɓangaren, na wajen kunne kuma su zarce a ɓangarensu. Sakamakon wannan rabo shi ne, daga mararrabar zuwa baya, ɓarin dama na ƙwaƙwalwa yana karɓar duk abin da ke gefen hagu na duniya daga idanu biyun, ɓarin hagu kuma yana karɓar na gefen dama.

Daga mararrabar saƙon yana yada zango a talamus, sannan zaruruwan su bazu kamar mafici su nufi sashen ƙeya na ƙwaƙwalwa, inda cibiyar gani ta farko take. Hanyar doguwa ce, ta ratsa ƙwaƙwalwa tun daga gaba har baya, don haka lahani a wurare da dama yana iya katse ta.

Siffofinta

Wurin da lahanin ya faɗa shi ke nuna irin abin da za a rasa, kuma tun kafin a ƙirƙiro na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa likitoci da wannan suke gano inda ciwo yake. Idan lahanin yana bayan mararraba a dama, gefen hagu ne ke ɓacewa a idanu biyun, iyakar kuma takan tsaya cak a kan layin da ya raba fagen gida biyu daga sama zuwa ƙasa. Wani lokaci rubu'i ɗaya ne kawai ke tafiya. Zaruruwan da ke ɗauke da saman fagen suna yin kwana ta sashen ƙwaƙwalwa da ke daura da kunne, saboda haka lahani a nan yana ɗauke rubu'in sama. Ana ganin haka a wasu da aka yi wa tiyatar farfaɗiya a wannan sashen. Lahani a sashen da ke sama da shi yana ɗauke rubu'in ƙasa, wanda ya fi wahalarwa, domin da shi ake ganin matakala da kwata da yaro mai rarrafe.

Idan jijiyar jinin da ke ciyar da ƙeya ce ta toshe, sau da yawa ɗan tsakiyar gani yana tsira. Ɗaya daga cikin bayanan da ake bayarwa shi ne ƙarshen ƙeya, inda tsakiyar gani take, yana samun jini daga wata jijiyar ta biyu. Wannan 'yar tsira ta digiri kaɗan tana da muhimmanci ƙwarai ga karatu.

Akwai kuma wata siffa dabam da ke faruwa a kan mararrabar kanta. Glandar fituwitari tana zaune daidai ƙarƙashinta, idan ƙari ya fito a glandar sai ya danne zaruruwan da ke tsallakawa. Mai wannan yana rasa gefen waje na kowane ido, dama da hagu. Idan kuwa ƙeya ta lalace ta ɓangarorin biyu, mutum na iya makancewa gaba ɗaya alhali idanunsa garau suke, kafar tsakiyar baƙin idon ma tana tsukewa idan an haska ta. Irin wannan ne kan sa a zargi majiyyaci da ƙarya, ko a ɗora abin a kan iska.

Abubuwan da ke jawo ta

Wani nazari da aka yi a Jami'ar Emory da ke Atlanta a Amurka, aka wallafa a 2006, ya duba yanayi 904 na wannan larura. Kusan kashi 70 cikin 100 bugun jini ne ya jawo su, kimanin kashi 14 rauni a kai, kashi 11 ƙari, sauran kuma tiyatar ƙwaƙwalwa da wasu cututtukan jijiya. A kusan rabinsu lahanin a ƙeya yake. A wani binciken na yankin Blue Mountains, yamma da Sidni a Ostireliya, wanda ya auna mutane fiye da 3,600 masu shekara 49 zuwa sama, an sami larurar a kashi 0.8 cikin 100 na jama'ar, da kuma kimanin kashi 8 cikin 100 na waɗanda suka taɓa samun bugun jini. Mafi yawan waɗanda aka samu da ita ba su san suna da ita ba.

Sunan da aka fi sanin bugun jini da shi a Hausa, shanyewar ɓarin jiki, yana iya ruɗarwa a nan. Jijiyar da ke kai jini ƙeya dabam take da wadda ke ciyar da sassan da ke motsa hannu da ƙafa. Idan ita ce ta toshe, mutum zai iya tashi da ƙafarsa, ya yi magana daidai, bakinsa bai karkace ba, amma rabin ganinsa ya tafi. Wannan ma bugun jini ne, kuma yana bukatar gaggawa irin ta mai shanyewar jiki. Maganin narkar da gudan jini ana bayar da shi ne a cikin sa'o'i huɗu da rabi na farko, bayan hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ba zubar jini ba ce. Hawan jini shi ne kan gaba a cikin abubuwan da ke kawo bugun jini, sai ciwon suga, shan taba, yawan kitse a jini da rikicewar bugun zuciya.

Ga yara da matasa lissafin yana sauyawa, rauni a kai da ƙari su ne kan gaba. Hatsarin babur ba tare da hular kwano ba, faɗowa daga sama, duka a ƙeya da harbin bindiga duk suna cikin abubuwan da aka sani. A ƙasashen da sikila ta yi yawa, irin su Najeriya da Nijar, akwai ƙarin dalili: cutar tana jawo bugun jini tun a ƙuruciya. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa da sanƙarau suna iya barin yaro da lahanin gani na ƙwaƙwalwa, jijjigar masu ciki kuma tana iya kawo makanta ta ɗan lokaci wadda galibi takan wuce idan an shawo kan hawan jinin.

Ba kowace ɗaukewar rabin gani ce ke dawwama ba. Masu ciwon kan nan na ɓari ɗaya sukan ga walƙiya ko zane mai ƙyalli da ke rufe gefe ɗaya na minti 5 zuwa sa'a guda, sannan ya washe. Amma ɗaukewar gani ta 'yan mintuna ga dattijo ko mai hawan jini, wadda bai saba gani ba, tana iya zama gargaɗin bugun jini da ke tafe.

Yadda mai ita ke ji

Masu zane sukan nuna larurar da hoto wanda aka shafe rabinsa da baƙi. Yawancin masu ita ba haka suke gani ba. Gefen da ya tafi ba duhu ba ne, babu shi ne kawai, kamar yadda mai lafiya ba ya ganin baƙi a bayan ƙeyarsa. Ƙwaƙwalwa takan ma cike giɓin, mutum ya ɗauka ya ga fuska ko faranti cikakke. Kuma rabin da ya ɓace yana bin ido duk inda ya juya.

Saboda haka ƙorafin da ake kawowa asibiti yakan zo a karkace. Wani ya ce mutane na faɗo masa daga sama a kasuwa. Wani kafaɗarsa ɗaya ce kullum ke bugun ƙofa. Wani ya ci rabin abincin da ke faranti ya bar rabi, ko ya yi ta neman kofin da ke ajiye kusa da hannunsa. Wani kuma an fara cewa ya yi girman kai, ana gaishe shi ta gefe yana wucewa. Da yawa sukan ce idonsu na hagu ne ko na dama ya mutu. Gwaji mai sauƙi yana warware wannan: a rufe ido ɗaya, sannan a rufe ɗayan, za a tarar gefe ɗaya ne ya ɓace a kowanne. Mai larurar kuma yana iya karanta ƙananan haruffan allon gwajin ido, a sallame shi a ce idonsa lafiya.

Wasu suna ganin abubuwan da babu su a gefen da ya makance: zane-zane, launuka, har mutane ko dabbobi. Ana danganta wannan da sunan Charles Bonnet, masani ɗan Janeba wanda ya bayyana irinsa a 1760 game da kakansa. Ba taɓin hankali ba ne, kuma yakan ragu da lokaci, sai dai mutane da yawa suna ɓoye shi don tsoron abin da za a ce.

Karatu

Karatu na daga cikin abubuwan da larurar ta fi taɓawa, kuma wahalar ta danganta da inda rubutun ya dosa. Mai karanta rubutun da ke tafiya daga hagu zuwa dama ba kalmar da yake kai kawai yake gani ba. Idonsa yana leƙen haruffa har kimanin 15 a gaba ta dama, uku ko huɗu kacal ta hagu, kuma da wannan leƙen yake sanin inda zai sauke ido na gaba. Wanda ya rasa gefen dama yana karatu ne cikin abin da bai gani ba. Karatunsa yakan yi nawa, harafi bayan harafi, ya yanke ƙarshen doguwar kalma ko ya ƙirƙiro shi. Wanda ya rasa gefen hagu ya fi samun sauƙi a cikin layi, amma idan ya kai ƙarshe sai ya kasa gano farkon layi na gaba, ya tsallake ko ya maimaita.

Ga rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu, kamar Larabci da Ibrananci, abin yana juyewa: rashin gefen hagu ne ya fi tsanani. Wannan ya shafi masu karatun Hausa kai tsaye, domin mutum ɗaya na iya samun boko ya yi masa wuya ajami da Larabci su zo da sauƙi, ko akasin haka. Lambobi sun fi kalmomi hatsari, tun da babu ma'anar jimla da za ta nuna an yi kuskure: 1,500 na iya zama 500 ga wanda ba ya ganin hagu.

Bambancinta da rashin kula da gefe ɗaya

Akwai wata larurar da ake yawan rikita su, wadda ta fi biyo bayan lahani a ɓarin dama na ƙwaƙwalwa. A cikinta hanyar gani na iya zama lafiya, amma hankalin mutum ba ya zuwa gefen hagu ko kaɗan. Zai aske rabin gemu, ya sa hannun riga ɗaya, ya zana agogo ya cusa lambobin duka a dama. Mai makantar rabin gani kaɗai, da zarar ya fahimci matsalarsa, yakan koyi juya kai ya nemo abin da ya ɓace. Mai rashin kula ba ya jin akwai abin nema. Larurorin biyu suna iya haɗuwa a mutum ɗaya, kuma a lokacin farfaɗowa ta fi wuya.

Gwaji

Gwajin farko ba ya bukatar na'ura. Likita yana zama fuska da fuska da majiyyaci, tazarar kimanin mita ɗaya, a rufe ido ɗaya, majiyyaci ya kafe ɗayan a hancin likita, likita kuma ya riƙa nuna yatsu a kowane rubu'i na fagen. Wannan yana kama babban giɓi, amma ƙarami na iya kuɓuce masa. Cikakken awo ana yin sa da na'ura mai kama da ƙwarya, inda ɗigon haske ke bayyana nan da can, majiyyaci ya danna maɓalli duk lokacin da ya gani. Hans Goldmann na birnin Bern a Suwizalan ya fito da irin wadda ake sarrafawa da hannu a 1945. Yanzu an fi amfani da masu kwamfuta. Bayan an tabbatar da giɓin sai a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na CT ko MRI don gano sanadi. Ana kuma duba idon kansa, saboda gilakoma ma tana cin gefen gani, ko da yake ba ta tsayawa a kan layin tsakiya haka.

Warkewa da taimako

Wani ɓangare na ganin yakan dawo da kansa yayin da kumburin ƙwaƙwalwa ke sauka. Masu binciken Emory sun ga sauƙi a kimanin kashi 38 cikin 100 na waɗanda suka bibiya, mafi yawansa a watannin farko. Bayan wata shida da wuya a ga wani canji, sai dai idan sanadin ne kansa aka magance, kamar ƙarin da aka cire ya daina danne jijiya.

Taimakon da ya fi samun karɓuwa shi ne horar da ido ya riƙa kai duba mai faɗi zuwa gefen da ya makance, da gangan kuma a kai a kai, har ya zama ɗabi'a. Fagen bai ƙaru ba, amma mutum yana saurin gano abin da ke wurin. Ga karatu ana amfani da rubutu mai gudana a allon kwamfuta, ko a ja jan layi a bakin shafi, ko a bi layi da rula ko yatsa. Wasu suna juya takardar su karanta daga sama zuwa ƙasa. A gida kuma ƙananan abubuwa ne ke aiki: a ajiye kaya a wuri ɗaya, mai rakiya ya tsaya ta gefen da ba a gani, a wurin taro a zauna yadda bango zai kasance ta wannan gefen.

A shekara ta 2000 Eli Peli, na Cibiyar Binciken Ido ta Schepens a Boston, ya bayyana wata dabara ta manna siraran gilasan firizim a sama da ƙasan tabarau ta ido ɗaya. Suna janyo hoton abin da ke gefen makanta, kimanin digiri 20 zuwa 30, zuwa inda ake gani, tsakiyar kallo kuma ta zauna yadda take. Wasu suna jin daɗinsu wajen tafiya, wasu su ajiye saboda ruɗani. Akwai kuma shirye-shiryen kwamfuta da ake sayarwa da alkawarin maido da ganin da ya tafi ta hanyar haska iyakar giɓin. Wani gwaji da aka yi a Jamus a 2005, da na'urar da ke sa ido a kan motsin ido sosai, bai ga fagen ya faɗaɗa ba, kuma har yanzu ana jayayya a kansu. Bitar ƙungiyar Cochrane ta 2019 ta ce hujjojin da ake da su kan dukkan hanyoyin nan ba su da ƙarfi, ko da yake horon duba gefe yana iya kyautata rayuwar yau da kullum.

Tuƙi shi ne abin da ya fi yi wa masu larurar ciwo su bari. Birtaniya da Tarayyar Turai suna sharɗanta faɗin gani na aƙalla digiri 120 daga hagu zuwa dama, da aƙalla 50 ta kowane gefe, kafin a ba da lasisin ƙaramar mota. Mai cikakkiyar makantar rabi bai cika wannan ba. Hatsarin bai tsaya a kansa ba, domin mai tafiya a ƙafa da ya fito ta gefen makanta ba ya bayyana sai ya shigo gaban motar.

Tarihi

Isaac Newton, a littafinsa kan haske na 1704, ya kawo shawarar cewa rabin zaruruwan jijiyar gani ne ke tsallakawa a mararraba. A 1824 masanin kimiyya ɗan Ingila William Hyde Wollaston ya bayyana abin da ya same shi da kansa: ya dubi sunan Johnson a saman wata ƙofa, haruffa ukun ƙarshe kawai ya gani. Ya danganta abin da wannan tsallakawar rabi. Ya rasu a 1828 da ƙari a ƙwaƙwalwa. A ƙarshen ƙarni na 19 Salomon Henschen na Suwidin ya tattara bayanan gawarwakin da aka bincika, ya nuna cibiyar gani tana gefen wani tsagi a cikin sashen ƙeya.

Taswirar cibiyar dalla-dalla daga fagen yaƙi ta fito. A yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905, bindigogin Rasha suna harba ƙananan harsasai masu tsananin gudu, waɗanda kan huda ƙoƙon kai su fita mutum bai mutu ba. Wani matashin likitan ido na Japan, Tatsuji Inouye, ya auna mashiga da mafitar harsashi a kan sojojin da suka tsira, ya kwatanta da inda ganinsu ya ɓace, ya wallafa sakamakon da Jamusanci a 1909. A Yaƙin Duniya na Ɗaya likitan jijiya Gordon Holmes ya yi irin wannan aiki a kan sojojin Birtaniya da aka raunata a Faransa, kuma taswirarsa ta 1918 ita aka yi ta koyarwa shekaru da dama. A 1991 Jonathan Horton da William Hoyt suka gyara ta da hotunan MRI, suka nuna tsakiyar gani ta mamaye wuri mafi girma a ƙeya fiye da yadda Holmes ya zana.

A cikin sojojin wancan yaƙin ne George Riddoch ya lura a 1917 cewa wasu suna jin motsin abu a gefen da ba sa gani, ba tare da sun ga siffarsa ko launinsa ba. A farkon shekarun 1970 Lawrence Weiskrantz na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka gwada wani majiyyaci da aka cire wa wani ɓangare na ƙeyar dama. Ya dage cewa ba ya ganin komai ta hagu, amma da aka matsa masa ya yi ƙiyasi, sai ya riƙa nuna inda ɗigon haske yake daidai, fiye da yadda sa'a za ta bayar. Suka sa wa abin suna mai ma'anar ganin makaho. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne wasu zaruruwa daga ido suna bin ƙananan hanyoyi da ba su ratsa cibiyar gani ta farko ba, su isar da labarin wuri da motsi ba tare da mutum ya san ya gani ba. Masu bincike a Amurka da Birtaniya suna gwada ko za a iya horar da waɗannan hanyoyin su ɗauki wani ɓangare na aikin da ya ɓace.